Hukuncin da Abba Ya Yanke wa Baffa Nura

Inna, kakarmu ta wajen uba, ta dawo wurinmu a Handsworth, wata unguwa a Birmingham, bayan rasuwar kakanmu, ina da shekara goma sha ɗaya. Lokacin gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe wurin da muke zuwa wasa bayan makaranta, laburaren unguwa ma ba kullum ake buɗe shi ba, don haka da an tashi sai gida. Falo kaɗai ake kunna wa hita da yamma. Nan Inna take shimfiɗa bargo a ƙasa, ta miƙe ƙafafunta wajen wutar gas ɗin, ni da ƙanwata Safiya mu raɓe a jikinta. Tsakanin magariba da isha'i take mana tatsuniya. Safiya ba ta jin Hausa sosai, ni nake juya mata, in na daɗe Inna ta zungure ni da gwiwar hannu.

'Ya'yanta biyu ne a ƙasar. Abba ne ɗan fari, yana aikin haɗa magunguna a wani asibiti. Baffa Nura shi ne auta, injiniya ne a Salford, dab da Manchester. Dukansu suna harbin faifai, wato inji ya cilla ɗan faifan yumɓu sama, mutum ya bi shi da bindiga ya fasa. Baffa ya fi hannu, kowa ya sani. Abba kuwa da ya ga ba zai yi nisa ba sai ya yi kwas ya zama alƙalin wasa. Shi yake tsayawa bayan maharbi ya faɗi ko an samu ko an rasa.

Wata Lahadi a cikin hunturu aka yi gasa a wani fili da ke wajen Birmingham. Baffa ya tuƙo daga Manchester tun asuba. Ban je ba, amma na ji labarin daga bakin kowannensu, kuma abin da ya faru ba su saɓa a kai ba. Faifai na ƙarshe, Baffa ya harba, ƙura ta tashi daga jikin faifan amma bai fashe ba. Doka ta ce sai an ga ɓallin faifai da ido, ƙura ba a lissafa ta. Abba ya ce, “Lost,” wato an rasa. Baffa ya juyo zai yi gardama, bindigar a rufe, wato a ɗane, da sauran harsashi ɗaya a ciki, bakinta ya bi ta kan mutanen da ke tsaye a baya. Abba ya fitar da shi daga gasar nan take, ya kuma rubuta rahoto. Kulob ya dakatar da Baffa shekara guda, ya shafe watanni yana fargabar kada maganar ta taɓa lasin bindigarsa.

Ranar ko gidanmu bai biyo ba. Tuwon da Inna ta tuƙa masa da hannunta ya kwana a kula.

Washegari da magariba muka zauna yadda muka saba. Abba yana teburin cin abinci a bayanmu, yana duba takardu. Inna ba ta kama sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye, kunyar ɗan fari. Ta gyara mayafi ta ce, “To, ga wata ta iso muku.” Muka ce ta shigo.

Ta ce wai a wani gari na bakin kogi, duk bayan kaka maharba suna gasa. A wurga sakaina sama, wanda kibiyarsa ta fasa ta shi ne gwani. Alƙalin gasar wani mutum ne da ake yabo da kaifin ido, kuma ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya shi ne ya fi kowa harbi a garin. Sai ɗan wani attajiri baƙo ya shiga gasar. Ya harba ya kuskure, ya ɗana wata kibiyar cikin fushi ya juyo kan jama'a. Alƙali ya yi tari, ya duƙa yana gyara takalmi, wai bai gani ba. Da aka zo kan ƙanensa, kibiya ta karce sakaina ba ta fasa ba. Yaro ya juyo da baka a hannu ya ce, “Yaya, ai ta taɓa.” Alƙali ya ƙwace bakan ya karya a gwiwarsa, ya sa aka raka yaron har bayan gari. Jama'a suka yi ta cewa ga mai gaskiya.

“Da damina ta faɗi,” in ji Inna, muryarta ta yi ƙasa, “sai damisa ta shigo gari. Ta gama da awaki, ta haura gidan alƙali. Ya yi ihu a kira maharba. Ɗan attajiri ya zo, ya harba, ya sami randa. Wanda zai iya kuwa yana can wata ƙasa. Damisa ta cinye alƙali tas, ta bar idon nan biyu a tsakar gida, ta ce ita ba ta cin abin da ba shi da amfani.”

Na juya wa Safiya, ta ce, “That's horrible.” Inna ta ce, “Me take cewa?” Na ce ta ce babu daɗi. Ta ce, “Dama ba don daɗi na yi ta ba. Nan ta tsaya.”

Sati biyu babu wata tatsuniya sai wannan. Gari yana canzawa, dabbar tana canzawa, amma alƙali bai taɓa tsira ba. Wata rana kada ne ya ja shi, wata rana ya mutu aka rasa mai ɗaukar gawarsa. Abba kuma bai taɓa tashi daga teburin ba. Yana zaune, takarda ɗaya a gabansa, ba ya juya ta. Na daina son magariba. In na ce mata, “Inna, ki yi mana wata mana,” sai ta ce ita kaɗai ta rage mata a ka.

Ran nan dai Abba ya ajiye biro ya zo ya durƙusa a bakin bargon.

“Inna, mutum bakwai ne a bayan Nura, har da wata yarinya sa'ar Ummi. Akwai harsashi a bindigar. Da yatsansa ya motsa fa?”

Ba ta dube shi ba. Ni ta duba.

“Ummi, tambayi babanki. Baturen nan da ya yi irin wannan a watan jiya, wanda Nura ya ba ni labari, shi me aka yi masa?”

Ban tambaya ba, amma Abba ya amsa. Ya ce, “Gargaɗi na yi masa.”

“Ce masa na ji. Ce masa dokar tasa tana da ido, ta san wanda za ta kama.”

Abba ya tashi ya tafi alwala. Daga ranar Inna ta koma tatsuniyoyinta na da, amma ba ta ƙara cin abinci yana falon ba har ta koma Kano. A can ta rasu. Abba da Baffa sun tafi ta'aziyya a jirgi daban-daban.

Na daɗe ina ɗauka Inna son kai kawai ta yi, ta goyi bayan autanta. Da na girma na shiga jami'a a Salford, nakan je flat ɗin Baffa ran Lahadi in ci abinci. Ya daina harbi tun wancan lokacin. Wata rana muna wanke kwanuka na yi ƙarfin hali na tambaye shi.

Ya ce, “Maganar bindiga babanki yana da gaskiya. Ko ni ne alƙali sai na kori wanda ya yi haka. Har yau in na tuna yarinyar nan gabana faɗuwa yake.”

“To, Baffa, mene ne ya rage?”

Ya rufe famfo. “A gaban mutane ya dube ni ya ce, ‘Sir, open your gun and leave the stand.’ Sir. Mutumin da ya goya ni a bayansa. Ko a mota daga baya bai zo ya ce Nura, ka yi wauta ba. Da ya zage ni da Hausa, da tuni mun gama.”

Da na je gida hutu na faɗa wa Abba, muna cikin mota a bakin wani kanti. Ya riƙe sitiyari. Ya ce wancan Baturen shi ma korarsa ya kamata ya yi, tsoro ne ya hana shi, don sabon alƙali ne shi kuma babu mai irin fatarsa a filin. Ya ce da abin ya zo kan Nura duk idanu suna kansa, ana jira a ga ko zai yi sassauci.

“Da na kira shi Nura,” ya ce, “da ban iya ba.”

Na ce ya kira shi yanzu mana. Ya ce zai duba, ya tada mota.

Yanzu na san Inna ba ta nemi a ƙyale Baffa ba, ko da yake bakinta ya yi kaifi fiye da kima kuma ta sa mu yara a tsakiya. Abin da ta ƙi shi ne a sassauta wa wanda ake tsoro, a tsananta wa wanda aka san ba shi da inda zai kai ƙara. Hukuncin Abba daidai ne, kuma na yi imani ya kare rai a ranar. Amma gaskiyar da ya kasa gwadawa a kan baƙo, a kan ƙanensa ya gwada ta, shi ma ya san haka. Suna gaisawa da Sallah ta waya, minti biyu, rabi da Turanci. Ni ce har yanzu nake kai saƙo tsakanin Birmingham da Manchester, kuma na fara gajiya.