Dodanniya Mai Fiffiken Shadda

Mun tashi da asuba daga Longsight, ko in ce abin da agogo ya kira asuba, domin a Manchester a wannan watan rana sai ta ga dama take fitowa aiki. Mu uku ne a motar. Ɗana yana tuƙi, ina gefensa, jikata kuma tana baya ta rungume wata doguwar jaka kamar mai rakiyar marar lafiya. Fiffike biyu ne a cikin jakar. Gangar jikin tana but, an naɗe ta da bargo.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, jikar nan tawa a nan aka haife ta, tana shekara ta biyu a jami'a, tana koyon zane da ƙere-ƙeren fim. Wata huɗu ta yi tana haɗa wata dodanniya da za ta nuna a taron masu son finafinan dodanni a Birmingham. Ni kuwa ganin likitan ido ya kawo ni ƙasar, aka ce tunda an gyara idon, in zo a gwada shi.

Mun bar Stockport Road mahauta suna ɗaga ƙofofin shagunansu, muka ratsa ta Rusholme. Wanda ya san Wilmslow Road da yamma, da fitilunta da ƙamshin gashi, ba zai gane ta da safe ba. Bas-bas masu hawa biyu ne kawai ke bin juna, cike da ɗalibai masu barci a zaune.

Da muka hau babbar hanya na ce, "To amarya, ba ni tarihin wannan baƙuwa da ta hana ni miƙe ƙafa."

Ta gyara zama. Hausarta tana tafiya ne kamar mota a kan kwalta mai ramuka, in ta faɗa rami sai Turanci ya turo ta. Amma abin da ta faɗa ya shige ni.

Ta ce bayan yaƙin duniya, mutanen Japan da suka ga abin da bam ya yi wa garuruwansu sun shiga yin finafinan manyan dodanni masu tattake birni. Yawancinsu fushi ne tsagwaronsa. Wannan kuwa daban take. Mace ce, kuma uwa. A wani tsibiri take zaune inda mutane ke girmama ta, ba ta fita sai an ɗauke mata wani abu nata. Daga ƙwai take farawa, ta zama tsutsa mai girman jirgin ƙasa, ta saƙa wa kanta gida na siliki a jikin dogon gini, sannan ta fito da fiffiken da iskarsa ke kifar da motoci. Ba ta bin kowa da ƙiyayya. In ta karɓi abinta sai ta koma gida. In ta mutu kuma, ƙwanta ya ƙyanƙyashe, labari ya ci gaba.

Na karanta labaran dodanni da dama, namu da na wasu, galibinsu ci ne da haɗiya. Ban taɓa jin wanda aka gina a kan haƙuri da uwantaka ba. Da ta ƙara da cewa mutanen can sun daɗe suna kiwon tsutsar siliki, shi ya sa suka ga girma a ƙwaron da wasu ke murƙushewa, sai mahaifina ya faɗo mini a rai. Maɗinkin riguna ne, da zaren tsamiya yake aiki. Ina yaro na sha ganin ana kawo gidajen tsutsar nan daga jikin itacen tsamiya, a dafa su da toka, a kaɗa zare. Ashe mu ma mun san gidan su dodanniya, fim ne kawai ba mu yi mata ba.

Mun tsaya shan shayi a irin wuraren hutun nan na gefen hanya. Kuɗin shayin ba zan faɗa ba, likita ya hana ni juya fam zuwa naira. A nan ta ciro katin da za a kafa a gaban aikinta, an buga shi tsaf. A sama da manyan baƙaƙe: MALAM-BUƊE-LITTAFI. A ƙasa, da Turanci, an rubuta cewa wannan suna kakanta ne ya ba ta, wanda ya koyar da Hausa shekara talatin.

Na tuna ranar. Ta kira ni ina gida Zariya ta ce, "Kaka, mene ne moth da Hausa?" Na ba ta amsa nan take, irin ta malamin da bai saba a tambaye shi ya ce bari in duba ba.

Tana shafa katin ta ce, "Ka san abin da ya fi ba fans haushi? A kira ta butterfly. Butterfly na rana ne, in ya sauka yana buɗe fiffike yana rufewa. Tawa ta dare ce, jikinta gashi, shimfiɗa fiffikenta take yi."

Na ajiye kofin shayin. Buɗewa da rufewar nan ai ita ce ta sa muka kira wancan malam-buɗe-littafi. Sunan abokin gabarta na ba ta, kuma na namiji. Ga shi yarinyar ta yi makonni tana gwada furta ɗ ɗin nan a gaban madubi, domin ita ce kalmar Hausa mafi tsawo da ta mallaka.

Muka koma mota. Zuciya ta ce wa zai gane a Birmingham? Amma ba Birmingham ce damuwata ba. Za ta faɗe shi yau a gaban jama'a, gobe ta koya wa 'ya'yanta, da sunana a jiki. Matsalar ita ce na lalubi sunan gaskiya a kaina na rasa. Na tambayi ɗana ƙasa-ƙasa, ya ce, "Baba, ni ƙwaro duk ƙwaro ne." Na tambayi waya, ta ce asu. Asu mai cin tufafi a akwati! A ce wa fiffiken da aka yanka daga shaddar uwar jikata asu, ai zagi ne. Na tura tambayar zauren tsofaffin malamai da muke da shi a waya. Mutum huɗu suka amsa. Biyu suka kama gardama a kan wata kalma daban, ɗaya ya ce in sa "na dare" a ƙarshe in huta, ɗaya ya turo addu'ar tafiya.

Shiga Birmingham sai an bi ta wasu gadoji da suka sarƙe da juna, waɗanda masu garin da kansu suke kira da sunan taliya. Muka sauka Sparkbrook da sauran lokaci kafin a buɗe zauren. Stratford Road ta burge ni: shagon kayan amare, masallaci, mai gyaran waya, wani masallacin, ga bas yana nishi a tsakani. Ɗana ya kai mu wani ɗan gidan abinci na wata Hajiya 'yar Ghana, aka kawo shinkafa da wake irin nasu, ja-ja, da baƙin yaji mai sa mutum ya tuna zunubansa.

A nan na ajiye cokali na ce, "Amarya, sunan nan da na ba ki ba shi ba ne. Na butterfly ne."

Ta yi dariya, ta ga ban yi ba. "Kaka, you're joking." Ta dubi katin, ta dubi agogo. "To mene ne na gaskiyar?"

"Na manta."

Ban taɓa faɗa wa ɗalibi wannan kalma ba. Idonta ya kawo ruwa ta ce, "Na gaya wa kowa kai ka sani."

Hajiya tana goge teburin kusa da mu, ta juyo. "Alhaji, me ya sami yarinyan nan, yana kuka?" Hausar zango ce, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Da a ajina ne, da jan biro ya yi aiki. Na yi mata bayani a gajarce.

"Wanda yake zuwa wurin fitila?" Ta kaɗa tsumman hannunta. "Faɗa-wuta ke nan. Kakana mace haka yake kiransa a Kumasi."

Faɗa-wuta! Kalmar ta dawo da kayanta gaba ɗaya: fitilar ƙwai a zauren mahaifina bayan magariba, yana kore su da bayan hannu kada su faɗa kan ɗinki. Shekara talatin ina gyara wa mutane "ya" da "ta", ga mai haɗa su ta tsamo ni.

Jikata ta ce a fassara mata. Na fassara ina ɗar-ɗar, don sunan ya yi kama da na wawa mai jefa kansa a halaka. Sai ta dafe tebur.

"Kaka, ai ƙarshen labarin ke nan! Ita ke shiga wutar da kanta don ƙwan ya tsira."

Babu lokacin sake buga kati. Ta zaro jan alƙalami daga jakarta ta miƙo mini ta ce, "Malam, yi marking." Na ja layi a kan tsohon sunan, na rubuta FAƊA-WUTA a samansa. Ita kuma ta ƙara a ƙasa cewa sunan daga wata Hajiyar Kumasi ya fito, kakanta ya duba ya amince.

A zauren, da aka rataye ta da igiyoyi aka buɗe fiffiken, sai da na cire tabarau na goge. Faɗinsu ya fi mutum biyu a kwance, shadda ruwan ƙasa da ruwan zuma, kuma wasu zagaye biyu masu kama da idanu, daga aikin babbar rigata ta kwaikwaye su. An kewaye ta da dodanni masu haƙora da farata, amma a gabanta mutane suka fi daɗewa. Gyaran jan alƙalamin ma ya ja tambayoyi, na tsaya ina kallon jikata tana koya wa wani dogon Bature mai rigar ƙadangare yadda ake furta ɗ. Bai iya ba. Ta ba shi rabin maki.

Mun iso Longsight daf da magariba. A hanya ta sanar da ni cewa ta fasa sakina, amma ina kan gwaji. Abin da tafiyar ta koya mini bai da yawa: kalma ba a kan malami take zaune ba, tana wurin wanda ya ci gaba da kiran ta, ko da a bakin tukunya ne a Sparkbrook. Kuma "na manta" ba ta kashe ni ba.

Muna shiga gida ɗana ya kunna fitilar ƙofa, sai ga wata 'yar ƙarama, toka-toka, ta zo tana zagaya ƙwan. Ya cire takalmi ya ɗaga.

Ni da jikata muka haɗa baki: "Kai! Faɗa-wuta ce."