Akuyar da Ta Cinye Irin Kabewa

Kakata ta Kwatarkwashi tana da wata kabewa mai jan ciki da zaƙi, wadda ta gaji irinta daga uwarta a Tsafe. Miyar taushe kam kowa ya zo sai ta zuba masa, amma iri ko ƙwaya ɗaya ba ta bayarwa. Matan unguwa suna musaya, wannan ta ba da na kuɓewa ta karɓi na yakuwa. Ita kuwa Kaka, in za ta aika wa maƙwabciyarta yankin kabewa, sai ta tsince 'ya'yan tas, har ta ɗaga shi a rana ta leƙa.

Wani hutu da na zo daga Gusau, ina aji biyar, gab da ƙarshen mulkin soja, Kaka ta shanya irin a faifai. Akuyarta mai tsagaggen kunne ta cinye shi duka, ta haɗa da gefen faifan.

Kaka ta yi salati, sannan ta miƙo mini tsohon kwano. "Ke ba ki da surutu. Bi ta. Duk abin da ta ajiye, kwaso mini."

Haka na yini bayan akuya. Na lura kafin ta yi, sai ta ɗaga wutsiya ta kalli sama kamar mai tunani. Da la'asar ta kutsa ƙarƙashin danga ta shige gidan maƙwabciyar. Na tsaya a ƙofa da kwanona.

"Mi kike nema, 'yar birni?" in ji matar.

"Ba komai, Inna."

"To wagga akuya fa, baƙuwarki ce ko tawa?"

Kunya ta hana ni motsi. Ina kallo akuya ta hau jujin Inna, ta ɗaga wutsiya, ta kalli sama.

Abin da na kwaso a kwano, Kaka ta shuka shi, ciyawa ta fito. Da na dawo hutun ƙarshen damina, kabewa ta yaɗu daga jujin Inna har kan rufin ɗakinta.

Kaka ta yafa mayafinta na biki, ta ɗora mini ƙullin irin yakuwa, muka je.

Inna ta yanko kabewa, ta zauna ta tsince 'ya'yan tas, ta ɗaga yankin a rana ta leƙa. Sai ta fashe da dariya, ta juye wa Kaka 'ya'yan a tafin hannu.

"Rabi naki, Hajiya. Rabi ki kai gidan gaba. Akuyarki ba ta ƙarasa can ba."