Layar Kakana

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da muka kai kakana likita a Filinge, numfashinsa na ƙara kamar mai fito. Tsohon ya daɗe da ciwon fuka, kuma ƙaiƙayin gero ne babban abokin gabarsa. Amma wa zai hana shi zama kusa da masussuka yana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye shi?

Tun kafin lokacin kaka wata anfirmiya, wato ma'aikaciyar jinya, ɗiya ƙarama da yake ce wa amaryarsa don wasan jika, ta ba shi ɗan maganin nan na shaƙa. Ta fesa masa da hannunta, ta ce kada ya rabu da shi ko da yaushe. Ya ce ya ji.

Ranar da abin ya tashi, wallahi na tsorata. Muka ɗora shi a amalanke, leɓɓansa sun canza launi, magana ta gagara. Muna isa anfirmiyar ta zaunar da shi, ta tambaye shi ina maganin. Tsoho ya cusa hannu cikin riga da alfahari, ya jawo wata ƙatuwar laya. Ashe wajen baduku ya kai shi, aka ɗinke shi ruf da jar fata, har da 'yan tuntaye!

Ba ta yi dariya ba a lokacin. Ta sa almakashi ta farke ɗinkin, ta girgiza, ta sa masa a baki, tana dafe da bayansa tana lallashi har ƙirjin ya saki. Sai da ya nemi ruwa sannan ta dube shi.

"Angona, maganin ga na huhu ne, ba na sammu ba."

"Ke kika ce kar in rabu da shi. Na rabu?"

Nan dariya ta ƙwace mata, mu ma muka samu tamu. Amma ba ta sallame mu ba sai da ya fesa da hannunsa a gabanta, ya kuskure, ya sake, ya iya. Ta kuma ce a koma wajen badukun ya ɗinka jaka mai buɗaɗɗen baki, tun da rataya yake so. Da jakar nan ya ƙare sauran shekarunsa, yana ta ƙorafin an ɓata masa fata mai kyau.

Tun ranar na san miƙa magani ba shi ne jinya ba. Sai ka tsaya ka ga abin da mutum zai yi da shi.