Gadon Bakin Taga

A shekarun da aka fara Shari'a ina aikin jinya a Daura, a ɗakin maza masu taɓin hankali. Gado goma sha biyu ne, ni ce mai rabon su. Ban taɓa son rabon nan ba, don duk wanda na hana gado sai fuskarsa ta bi ni har gida.

A gadon bakin taga akwai wani dattijo makiyayi daga wajen Kongolam. Ya warke sarai, likita ya sallame shi tun mako uku, amma ya ƙi tafiya. 'Ya'yansa sun tsallaka Nijar da shanu, ba mai zuwa ɗaukarsa. Na ba shi takardar sallama, na ce ga kuɗin mota. Ya ce, "Sista, wa zai karanta takarda a rugarmu? Wanda aka kai a ɗaure, in ya dawo shi kaɗai, cewa za a yi gudowa ya yi. Kafin in gama gaisawa an ɗauko igiya." Na yi ta masifa, da ma ba a raba ni da faɗa, amma na san gaskiya ya faɗa.

Wata Alhamis da hantsi wani limamin unguwa daga Mai'adua ya kawo ɗansa, magidanci, da mari a ƙafa, kwana huɗu bai runtsa ba. Gado ko ɗaya babu. Na ce, "Malam, ku yi haƙuri ku dawo mako mai zuwa." Bai yi gardama ba. Ya ce, "To, Sista, sai in mayar da shi turke." Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga yadda ƙarfen ya cinye wa ɗan nasa idon sawu.

Ashe dattijon yana jin mu. Ya taso ya gai da liman, ya ɗage ƙafar wandonsa ya nuna masa nasa tabon. Liman ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye shi me yake jira tunda ya warke. Da ya ji dalili sai ya ce, "Kongolam ai ƙofar gidanmu ce. Ni zan raka ka, in tsaya gaban ardonku in shaida cewa sallamarka aka yi."

Wallahi kunya ta kama ni. Mako uku ina aika saƙo a nemo dangi, ashe mai shaida kawai yake buƙata. Tun daga ranar duk wanda ya kawo mara lafiya sai na tambaye shi ta wace hanya zai koma.

Dattijon da kansa ya shimfiɗa sabon zanin gado, ya taya mu kwantar da magidancin. Liman ya ciro makulli a aljihu, ya buɗe marin, ya miƙo mini.

Ya ce, "Ajiye shi a wurinki, Sista. Ran da zan zo ɗaukarsa, hannunsa zan riƙe."