Kyamarar Kawu Ta Bar Maƙabarta a Waje

Warin tsohuwar jakar fata ne ya dawo mini da kawu a rai. Na buɗe akwati ina neman fensir na ajin yaƙi da jahilci, sai ga gilashin kyamarar kawu naɗe cikin tsumma.

Ka san inda gidajen Gwarinpa suka ƙare ta yamma? Lokacin da muke yara dawa ce a nan, sai ƙauyenmu a tsakiya. Kawu, ƙanen mahaifiyata, shi ne mai hoton ƙauyen. Duk kaka, idan an gama yankan dawa ƙasa ta buɗe, yakan hau wani faffaɗan dutse a bayan gari ya ɗauki ƙauyen gaba ɗaya. Hoto guda ne, amma komai na ciki: rumbuna, rafi ta hagu, ta dama kuma tsamiyar da kakanninmu ke kwance ƙarƙashinta. Kakata ba ta son hoton. Takan ce abin da aka iya naɗewa a takarda, ana iya ɗaukewa.

Na riga na yi aure lokacin da masu awon fili suka fara zuwa. Ba sa gaisuwa. Su kafa turaku, su shafa jan fenti, su shiga mota. Dattawa suka ce a ɗauko sabon hoto da zai nuna maƙabartar haɗe take da gari, a kai wa hukuma. A lokacin fim ya yi wuya, kawu ya sayi kyamarar zamani, amma ya ɗaura mata tsohon gilashinsa.

Muka hau dutsen tare. Hadari na haɗuwa, iska ta tsaya cak. Ya sa ido, ya daɗe bai danna ba.

"Kawu, lafiya?"

"Zo ka duba, ɗana."

Na leƙa. Gidaje sun matso kusa, sun yi girma. Rafi babu. Tsamiya babu.

Ya ce gilashin bai canza ba, yana zubo hoton da faɗinsa kamar da. Abin da ke karɓar hoton a cikin sabuwar kyamarar ne bai kai fim girma ba, don haka tsakiya kawai yake kamawa, gefe ya zube. Maganin shi ne a ja da baya.

Ya ja taku kaɗan, sai bayansa ya bugi bulo. Katangar sababbin gidaje ce, ta iso gindin dutsen. A daminar da ta wuce ba ta nan.

Ya ɗauki maƙabartar ita kaɗai. Wani dattijo ya juya hoton a hannunsa ya ce, "Malam, tudun ƙasa da bishiya ai ko'ina akwai." Kafin kawu ya samo aron gilashi mai faɗi, an rufe karɓar ƙorafi.

Kawu ya rasu, yana ƙarƙashin tsamiyar nan shi ma. Yanzu katanga ta kewaye maƙabartar ta ɓangare uku, ni nake zuwa nome ciyawa. Makon jiya na tarar an kafa allo a bakin wurin. Malamarmu ta yaƙi da jahilci ta sha gaya mana ranar da mutum ya karanta abu shi kaɗai, ba zai manta daɗinta ba. Na tsaya da fartanya a hannu, na bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taimake ni.

Fili na sayarwa.