Ƙwallon Tsamiyar Kawu Ilu

Ku da kuka tashi a Kibiya kun san Kawu Ilu mai ɗinkin hula ba ya gaisawa da yaro kamar mutane. Ka miƙa masa hannu sai ya cafke, ya juya tafin, ya bi yatsun yana latsawa kamar mai tayin akuya. Hannunsa kuwa sanyi ƙalau, ko a tsakiyar bazara. In ya gama ya ce, "Bai nuna ba," ya sake ka. Mata suka riƙa janye 'ya'yansu in sun hango shi, har aka fara raɗe-raɗin maita. Wan mahaifiyata ne, amma wallahi ni ma tsoronsa nake ji.

Abin dariyar, ko harafi ɗaya na boko bai sani ba. Shi dai riƙon fensir ne ya tsaya masa a rai. Maganarsa kullum, "Yatsu uku ke aiki, biyu ke barci."

Ina elementare a Rano na faɗa hannunsa. Da yatsu biyar nake damƙar fensir, rubutun kuwa ni kaina ba na iya karantawa. Hedimasta ya ce in takardata ba ta karantu a jarrabawar tafiya gaba ba, sai gona. Babanmu har murna yake, ga ƙarin hannu a gyaɗa. Ni kuwa na sha kuka, don ina son makarantar nan ba kaɗan ba.

Da aka yi hutu Kawu ya karɓi sabon fensirina, ya sa wuƙa ya datsa shi gida huɗu. Na kurma ihu. Ya ce guntu ba shi da masaukin yatsu biyar. Ya ba ni ɗaya, ya zuba uku a aljihu.

"Sauran fa, Kawu?"

"Na ƙannenka ne."

Lokacin ba ni da ƙane ko ɗaya. Uku aka haifa bayana, ba a ƙara ba.

Daga nan sai wahala. Ya watsa riɗi cikin yashi ya ce in tsince, ya sa ni zura zare a allura har idona ya yi ja. In zan yi rubutu ya cusa mini ƙwallon tsamiya a ƙarƙashin ƙananan yatsuna biyu, in ya faɗi in sha ranƙwashi. Ga tsamiya jingim a ƙofar gidansa, amma ƙwallo ɗaya tal yake da shi, ya yi baƙi ƙirin, da hudar allura a tsakiya. Ana gamawa yake karɓe abinsa.

Kun tuna ranar kasuwar Rano da ya ga Bature yana rubutu a tsaye? Kawu ya ratsa mutane, ya kama hannun Baturen, ya lanƙwasa masa yatsu biyu. 'Yan doka suka yo kansa. Tafinta ya tambaye shi me yake nufi.

"Gaya masa uwarsa ta yi gaggawar ba shi alƙalami."

Tafinta ya juya ya ce wai tsohon yana yi masa barka da zuwa ne.

Ranar jarrabawa, da hantsi, tsoro ya kama ni. Hannuna ya koma damƙarsa ta da, ina ji ina gani takarda tana lalacewa. Sai na ji sanyi ya sauka a bayan hannuna, wani yana lanƙwasa mini ƙananan yatsun a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Na waiwaya, ba kowa, malami yana can bakin ƙofa. Na ci gaba da rubutu har na kai ƙarshe. Da na buɗe tafina, ga ƙwallon nan da hudarsa.

Bayan azahar mai keke ya iso daga Kibiya, ya ce Kawu ya cika da hantsi. Masu wanka suka ce sun yi sun yi su miƙar da yatsunsa biyu, suka ƙi, haka aka sa shi a likkafani.

Na ci jarrabawar. Na tsufa ina koyar da 'yan aji ɗaya, ina datsa fensirori iyaye suna zagina. Ƙwallon yana nan a akwatina, har yau ban iya ara wa kowa shi ba.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yafe mana zargin da muka yi masa, ya miƙa masa takardarsa a hannun dama. Karɓar dai na san da yatsu uku zai yi.