Sanda Mai Baƙin Ƙyalle a Ƙofar Kaka

Ƙamshin turare ne ya tsayar da ni a kan bene, bokiti a hannuna. Kasko biyu na turaren wuta, ɗaya dama ɗaya hagu, a bakin ƙofar kakar gidan da ke kwance ba lafiya. An jingine sandar tsintsiya a bango, an naɗe kanta da baƙin ƙyalle. A tukunyar fure kuwa, ƙafar wani ɗan dokin roba ta leƙo, an binne shi an mayar da ciyawa a kai.

Ni kaɗai ce bare a gidan nan na unguwar Ruwais, ni ke goge benen. Duk 'yar aiki a Jidda ta san abin da zargin sihiri ke jawowa. Ba a kora yake tsayawa ba, har wurin 'yan sanda yake kai mutum.

Na kira gwaggona da ke unguwar Sa'alaba a waya.

"Kada ki taɓa, 'yar nan! Kina kwashewa za a ce ɓoyewa kike!"

Ina cikin wayar sai ga uwar gidan. Ta dubi sandar, ta dube ni ina zuba Hausa a waya. Na yi rantsuwa har muryata ta dishe. Ta ce in zauna a kicin sai maigida ya dawo, ta karɓe wayar.

Can wajen azahar na ji ihu a sama, sai kuma dariya. 'Yar gidan ce ta dawo daga jami'a. Ta faɗo kicin da gudu, ta kama hannuna.

"Wallahi ni ce! Aikin darasin tarihi ne, bidiyo na ɗauka da safe, na makara na bar kayan!"

Wai wasu Turawa matafiya na can zamanin da ne suka rubuta yadda ƙabilar Mongol ke yi. In ciwo ya yi tsanani, sai a kafa mashi mai baƙin ƙyalle a ƙofar tanti, baƙo ba ya shiga. Babban mutum kuwa da dokinsa ake binne shi a ɓoye, a mayar da ciyawa yadda ba mai gane wurin. Dangin mamaci sai sun bi ta tsakanin wuta biyu kafin su tsarkaka.

Hawaye na zuba amma bakina ya ƙi shiru. "Da dokin gaba ɗaya? Har sirdi?"

"Har sirdi! Har goɗiya da ɗanta!"

Uwar ta shigo tana huci, ta nufi 'yarta. "Alamar mutuwa a ƙofar uwata, don haske ya fi kyau a wurin? Kina da hankali kuwa?"

Sai ta juyo gare ni, ta kasa haɗa ido da ni.

"Halas, shi ke nan, 'yata," ta ce. "Ba wanda zai taɓa ki. Yalla, maza tashi ki yi salla."